Ranar da Na Ce Ɗana da Ingilishi

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Lokacin da ake kama yara ana kai su karatu Dogon Dutsi, ni fasa dutsen hanya aka kai ni. Na fita da rai, kamar yadda na fita daga yunwar da ta ɗauke ƙannena tun ina ƙarami. Da na yi ƙarfi sai na bi 'yan cin rani zuwa Kurmi. Na je, na dawo na yi aure, na sake komawa. A Kumasi dako na yi a kasuwa har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Can na samo Ingilishi, kuma ba da son raina ba.

Akwai wani tsoho mai kantin kwanon rufi da ƙusoshi da nake yi wa dako. Dā malamin makaranta ne. Ya bar koyarwa, amma koyarwa ba ta bar shi ba. Yana jin Hausa kaɗan, irin ta zango. Sauran masu kanti ba ruwansu da yadda ka yi magana, in dai kaya sun iso. Shi ba haka ba. Zan zo ƙofar kanti da bandir ɗin kwano a ka, wuyana na ƙara, sai ya tare hanya da sandarsa ya tambaye ni da Ingilishi me nake yi.

Sai in ce, "Ai kari lod."

Sai ya ce da Hausarsa, "Kullum ko yanzu?"

"Baba, bari in sauke tukuna."

"Kullum ko yanzu?"

Ba ya matsawa sai na faɗi daidai. In sana'ata ake tambaya, abin da nake yi yau da gobe da jibi, to ai kari lod. In kuwa wanga kwano ne da ke kaina a wannan tsayuwa, to ai am kariyin lod. Abu ɗaya ne a wurina, nauyi ɗaya, wuya ɗaya. A wurinsa magana biyu ce. Na zage shi a zuci iyakar zagin da na iya. Amma wanda ake koya wa karatu da bandir ɗin kwano a ka ba ya daɗewa bai gane ba.

Na dawo gida bayan an sauke tutar Faransa da kaɗan. Garinmu yana kusa da Dumega. Na zo da akwatin ƙarfe da bargo da tari a ƙirji da Ingilishi. Akwatin ya yi amfani, bargon ya yi amfani. Ingilishi kuwa babu mai saye a Arewa. A biro, ofishin gwamnati, Faransanci ake yi, a kasuwa Hausa, a gona ba a magana.

Taubashina ne kawai ya samo masa aiki. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi, kuma tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa. Kullum da safe zai jawo jakinsa ƙofar gidanmu.

"Bawana, zo ka gaida shi da Ingilishi. Ya ƙi tafiya, wataƙila ɗan Kumasi ne."

"Kai ka gaida shi. Yarenku ɗaya."

"Shekara da shekaru kana Kurmi, abin da ka kawo mana ke nan, sanƙo da maganar hanci."

Ina da ɗa a lokacin, na fari. Yana kusa da fara kiwon awaki. Ɗan fari a wurinmu ba naka ba ne a gaban mutane. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka tambayar ko ya ci. In ya faɗi a gabanka sai ka kalli wani wuri har wani ya ɗaga shi. Uwarsa ma haka, ta fi ni tsanani. Tun da aka yaye shi yana ɗakin innata. Ita ke ce masa maigidana, ita ke yi masa wanka, ita ke faɗa da shi. Ni in zan ambace shi sai in ce yaron Inna. Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Haka ubana ya yi wa yayana, haka aka yi wa ubana.

Bayan damina ta ɗauke, ana cikin yankan hatsi, ciwo ya kama shi. Ciwon mai wayo ne. Da safe yaro garau, ya sha kunu, ya bi kaji. Rana na karkatawa sai sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, jiki na kaɗawa, daga nan zafi kamar an ɗora shi a murhu. Wani lokaci ido ya juye, ya sandare. Kafin gari ya waye ya yi gumi ya dawo mutum. Kowace rana yana raguwa. Wuyansa ya zama kamar na tulun da aka sassaƙe.

Inna ta kai maganar wurin 'yan bori. Suka ce doguwa ce, aljanar tsamiyar bakin tabki, yaro ya taka mata wuri. Aka yanka abin da suka ce a yanka. Malam ya yi rubutu, aka sha. Ban hana ba, ban ce komai ba. Amma duk la'asar sai in sami aiki a bayan rumbun da ke kallon ɗakin Inna. Na gyara wannan rumbu har babu sauran abin gyarawa. Daga nan nake ganin komai ta kafar danga.

Na san wannan kaɗawa. Ta taɓa kama ni a Kumasi, na kwanta a rumfar kasuwa ina jiran mutuwa, aka ja ni gidan likita aka yi mini allura, na tashi. Amma uba ba ya zuwa wurin uwarsa ya ce a kai ɗansa na fari likita. Sai na je wurin taubashina. Na same shi yana ɗaure damin hatsi.

Na ce, "Yaron Inna ba ya jin daɗi."

Ya ce, "Wane yaro? Inna tana da yara da yawa."

"Ka san wanda nake nufi."

"Faɗi sunansa in ji."

Ya dube ni, ya ga ba ranar wasa ba ce. Ya ɗaure damin ya miƙe.

"To, bawana. Zan ce wa Inna a kai shi likita, ni na ga dama. In ta zage ni, kai za ka ɗauki zagin."

Ta zage shi. Ta ce Anasara ba su san doguwa ba. Amma da la'asar ta yi, yaro ya sake sandarewa a cinyarta, ta aika a kira taubashin nawa.

Muka tashi da sassafe. Inna da yaron a kan jaki, taubashina na ja. Ni na biyo baya da nisa da ƙunshin igiya a kafaɗa, kamar mai zuwa kasuwa. Duk wanda muka gamu da shi a hanya ya san inda za ni, kuma kowa ya ce mini Allah ya ba da sa'ar kasuwa.

Gidan likitan na 'yan mishan ne, ɗaki biyu na siminti da rufin kwano da baranda, ga bishiyoyin bedi a gaba. An san wata tsohuwar Anasara a wurin mai jin Hausa kamar jikar Arawa, mutanenmu. Muka tarar ta tafi ƙasarsu hutu. Mai taimaka mata da fassara kuma ya bi mota ɗauko magani. Wadda ke zaune a teburin baranda sabuwa ce, yarinya doguwa, rana ta mai da fuskarta ja. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da kalmomi kaɗan ba.

Na zauna gindin bedi na baza igiyata. Mutane sun yi layi. A cikin layin na hango ƙanen surukina, dattijo mai baki, ya zo da gyambo a ƙafa. Ya gan ni, na gan shi, muka gaisa daga nesa kamar kowa da abin da ya kawo shi. A raina na ce yau ko tari ba zan yi ba.

Ina zaune sai kare ya shigo baranda. Anasarar ta kore shi da magana. Kunnena ya miƙe. Ba Faransanci ba ne. Na san waɗannan kalmomi, da su ake korar kare a Kumasi, da su ake korar 'yan dako ma.

Layi ya kawo kan Inna hantsi bai gama ɗagawa ba. Lokacin lafiyar yaron ke nan. Yana tsaye da ƙafarsa yana kallon agogon da ke hannun Anasarar, har ya kai yatsa zai taɓa. Ta dafa goshinsa, sanyi. Ta duba idonsa da harshensa. Ta dubi Inna.

"Da sauƙi?"

Inna ta ce, "Da sauƙi, mun gode Allah."

"Zazzaɓi?"

"Babu komai sai alheri."

Inna ba ƙarya ta yi ba. A wurinmu ko mutum na shure-shuren mutuwa aka tambaye ka, da sauƙi za ka ce. Sai an zauna, an sake gaisawa, sannan maganar ta fito. Ga shi kuma ba za ta ambaci ciwon a kan yaron ba, kada mai ciwon ta ji an kira ta. Ita Anasarar an koya mata da sauƙi na nufin an warke. Na ga ta yi murmushi.

Taubashina ya ga abin zai lalace. Ya shiga gaba ya rungume ƙirjinsa ya fara kaɗa jiki yana haɗa haƙora, yana nuna yaron da haɓa. Layi ya fashe da dariya. Anasarar ta dube shi da tausayi, ta zuba wani magani a cokali ta ɗura masa. Ya haɗiye, fuskarsa ta tattare kamar busasshiyar kuka. Ƙanen surukina ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, samari." Aka sake dariya.

Ta ƙunsa ƙwaya fara a takarda ta ba Inna, ta shafa kan yaron, ta kira na baya. Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Ta kama hannun maigidanta ta juyo.

Na san abin da zai biyo. Za mu kama hanya, rana ta karkata muna tsakiyar daji, ya sandare a kan jaki. Ko ya kai gida, ba zai kai ƙarshen kaka ba. Na binne ƙannena, na san yadda wuyan yaro ke zama in ya kusa.

Na tashi na bar igiyar. Daga bedin zuwa baranda ba nisa, amma duk idon layin na kaina. Na tsaya gaban tebur na cire hula.

"Gud monin, Madam."

Ta ɗago kamar wadda ta ji muryar gida. Ta zubo mini magana da sauri, rabi ya wuce ni. Na nuna yaron na ce, "Hi shekin." Ta dube shi. Yana tsaye yana lasar yatsa. Ta girgiza kai ta ce a'a, lafiyarsa lau, ta nuna mini taubashina, wai ko shi nake nufi.

Na gane abin da na faɗa mata: yana kaɗawa yanzu. Ita kuma tana da ido. Na jera maganar a kaina yadda tsohon nan ke so.

"Hi is not shekin nau." Ba yanzu yake yi ba. "Hi sheks ebiri de." Kullum yake yi.

Na ɗaga hannu na nuna mata inda rana ke kaiwa a yamma in abin zai taso. Na nuna yadda ido ke juyewa, yadda baya ke sandarewa.

Murmushin ya bar fuskarta. Ta kira Inna ta dawo. Ta kwantar da yaron a benci ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, ya yi ƙara. Ta shiga tambayata: tun yaushe, yana ci, yana amai, yana gumi. Abin da na gane na amsa. Abin da ban gane ba na ce ta sake, ta sake a hankali. Ban san ina da kalmomin nan ba sai da suka fito. Sannan ta tsaya ta dube ni. Ta ce ni wane ne a wurinsa da na san duk wannan.

Na waiwaya. Inna tana kallon bakina. Taubashina yana tofar da ɗacin magani. Ƙanen surukina ya miƙo wuya kamar zakara. Mutum cike da baranda, babu ɗaya da ke jin abin da ake faɗa.

Na ce, "Hi is mai san."

Ɗana ne. Tun da aka haife shi ban taɓa faɗin haka ba, ko ni kaɗai a gona. Na faɗa, rufin kwano bai faɗo ba, babu wanda ya sunkuyar da kai don kunyata. Da wannan ta fita sai sauran suka biyo. Na ce mata shi ne na farko. Na ce ya daina cin tuwo, na ce ina kallonsa kullum daga bayan rumbu. Na ce kada ta mai da shi gida. Na ce filis, wato don Allah, na sake cewa filis. A Kumasi ban taɓa cewa filis don kaina ba.

Ta ce zai zauna.

Ƙanen surukina ya ce, "Kai ɗan Kumasi, mi kuke ta faɗi haka?"

Na ce, "Fassara nake yi wa Inna, Baba."

"To in ka gama, faɗa mata wanga gyambo ya hana ni barci. Kada ka rage komai."

Na faɗa mata ban rage ba. Bayansa wata mata ta ce in faɗi nata, bayanta wani makiyayi. Anasarar ta jawo mini kujera. Kafin azahar na zama tafintan gidan likita, kuma babu wanda zai iya cewa don yaron Inna nake zaune a barandar.

Da la'asar abin ya taso. Wannan karon a kan gadon ƙarfe ya same shi, Anasarar na tsaye. Ta gani da idonta. Ta yi masa allura, ta sa a jiƙa zane a lulluɓe shi. Ina bakin ƙofa ina mai da maganarta Hausa don Inna: a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kada a rufe shi da bargo, kada a yi masa hayaƙi. Inna ta ce in gaya mata hayaƙin ba na wasa ba ne, na gado ne. Na ce wa Anasarar Inna ta gode.

Muka yi kwanaki a can. Ni da taubashina muna kwana a zauren wani mutumin garinmu, da safe in dawo kujerata. Washegari kaɗawar ta zo da rauni. Wata rana la'asar ta yi, ta wuce, magariba ta yi, yaro na zaune yana faɗa da Inna a kan fura, wai ta yi ruwa. Inna ta ce, "Maigidana ya dawo da masifarsa." Na fita na je na duba jakin taubashina, wanda ba abin da ya same shi.

Ranar da aka sallame mu, Anasarar ta riƙe hannuna ta faɗi magana mai tsawo. Na gane ta ce yaron zai yi ƙarfi, a kawo shi in ciwon ya dawo. Na gane ta ce yana kama da ni. Wannan ban fassara ba.

A hanya ban tsaya baya ba, tare muka jera. Taubashina bai rufe baki ba tun daga ƙofar gari.

"Ni na sha maganin, shi ya sami kujera. Inna, kin ga adalci?"

Inna ta ce, "Kai ma ka warke, ai ba ka ƙara kaɗawa ba."

Can ta juyo daga kan jaki ta dube ni.

"Ran nan da ka tashi daga gindin bedi, mi ka ce wa Anasarar?"

"Na gaishe ta."

"Gaisuwa ce har da rawar murya?"

"Haka Ingilishi yake, Inna."

"Doguwar gaisuwa gare su," in ji ta.

Muka shiga wani yashi mai zurfi tsakanin gonaki, an gama yanka, babu kowa sai kara a tsaye. Jaki ya fara nutsewa. Inna ta ce a tsaya. Ta ce bayanta ya gaji, jaki ma ya gaji da mutum biyu. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Sannan ta ɗago yaron ta miƙo mini.

"Riƙe mini maigidana. Aro na ba ka."

Na ɗora shi a wuya. Ya kama kunnuwana da hannu biyu, ƙafafunsa na dukan ƙirjina. Ya tambaye ni me ya cinye gashin kaina. Na ce kwano. Ya ce ƙarya ne, kwano ba ya da baki.

Taubashina ya ce, "Bawana, na gani. Gobe duk Dumega za ta ji."

"Faɗa. Ni kuma in faɗi yadda ka yi rawa gaban Anasara aka ɗura maka cokali."

Ya yi tunani ya ce idonsa bai cika gani da kyau ba a rana.

Na ɗauke shi har muka hango kawunan rumbunan garinmu. Nan na sauke shi. Inna ta ce ya hau jaki, ya ƙi. Ya ruga a guje ya bar mu a baya, yana kiran awaki, ya shiga gari da ƙafarsa.